TSOHUWAR AZURFAR IYAYENMU: A AUNA KAFIN A SAYAR

Wata ranar Litinin muna koya wa 'yan ajin CM2 darasin awo a nan Gene, sai muka ce gobe kowa ya zo da ɗan ƙaramin abu daga gida domin mu ɗora a sikeli. Wani ya kawo goro, wani ya kawo mabuɗi. Wata yarinya kuwa ta kwance bakin zanenta ta miƙo mana wata tsohuwar ƙwandala mai faɗi, duk ta yi baƙi-baƙi, da hoton wata mace mai ƙiba a gefe guda, da mikiya mai kai biyu a ɗaya gefen. Muka ɗora ta, ta ba mu giram 28 ba kaɗan. A gefen mikiyar an rubuta 1780. Yarinyar ta ce ta kakarta ce, kuma ba ta san an ɗauko ba.

Da yamma muka raka ta gida don mu mayar da amana, mu kuma roƙar mata gafara.

"Sannu da hutawa, Inna. Ga kayanki, jikarki ta kai mana makaranta."

"Maraba da Malam. Ai riyal ce, ɗana. Uwata ta ba ni ranar da za a kai ni ɗaki, ita ma tata uwar ta ba ta. Goma sha ɗaya ne, yanzu saura bakwai."

Sauran huɗun, in ji ta, wani mai babur ya saye su jika uku-uku a shekarar 2023, lokacin da aka rufe gadar Malanbil bayan juyin mulkin Nijar, ciniki ya tsaya, hatsi ya ƙare a gidan. Bayansa kuma wani ya zo ya duba ragowar, ya rantse cewa duk mai 1780 ta kai miliyoyi a Turai, ta kawo kuɗin mota da na takardu ya kai mata su Kwatano. Allah ya taimake ta ba ta da kuɗin motar.

Na farko ya karya kayanta, na biyu ya zuga su, kuma dukansu biyu da rashin saninta suka yi aiki. Mun tabbata akwai irin wannan azurfa a cikin kwalla da adudu a gidaje da dama daga Gene har Kandi, shi ya sa muka ga ya kamata mu kawo wa masu karatu abin da aka sani game da ita.

Daga ina dala ta zo?

Kullum a kasuwa muna cewa dala biyar, dala ashirin, dala ɗari, Dandawa maƙwabtanmu ma haka suke ƙirga. Kalmar ta yi doguwar tafiya kafin ta iso bakinmu. Wajen shekarar 1520 aka fara buga wata babbar ƙwandalar azurfa a wani gari mai ramukan haƙar azurfa da ake kira Joachimsthal, a ƙasar Cek ta yanzu. Jamusawa suka gajarce sunan suka ce "taler". Daga nan sunan kuɗin Amurka ya fito, daga nan kuma dalarmu ta fito.

Matar da ke jikin riyal ɗin Inna ita ce Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, wadda ta yi mulki daga 1740 zuwa 1780. An fara buga kuɗi da hotonta a 1741. Nauyin kowace ɗaya giram 28 ne da ɗan ɗoriya, kuma a cikin kashi 1,000 kashi 833 azurfa ce, saura jan ƙarfe, wato akwai zallar azurfa giram 23.4 a jikinta. A kewayen bakinta an yi rubutu da zane, domin kada wani ya kankare gefe ya rage mata nauyi ba a gane ba. Wannan ya sa fataken Larabawa suka amince da ita ƙwarai, har suka sa mata suna Abu Ɗair, wato mai tsuntsu. Ta bi ayarin raƙuma daga Tarabulus ta ratsa Sahara zuwa Kukawa da Kano, ta kuma biyo alhazai daga gabas.

Bajamushen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya tarar ana canza ƙwandalar azurfa irin wannan a kan wuri 2,500. Mu yi lissafin tare: keso guda, wato wuri 20,000, riyal takwas ke nan. Abin da sai an ɗora wa jaki, ga shi ya shiga aljihun riga. Kakanninmu fataken goro, da ke tasowa daga Kano da Sakkwato su ƙetare Kwara wajen Ilo da Gaya, su ratsa Borgu da Zugu har Salaga a ƙasar Gwanja, sun san amfanin haka. Zangunan da suka bari a kan hanya su ne asalin da yawa daga cikin unguwannin Hausawa na arewacin ƙasar nan.

Da Faransawa suka ci Dahome a 1894 suka hauro arewa, sai suka zo da tasu ƙwandalar, ta tamma biyar. Nauyinta giram 25, kashi 900 cikin 1,000 azurfa. Da yake girmanta ya yi kusa da na riyal, sai ta gaji sunan dala. Shi ya sa har gobe sefa biyar dala guda ce a bakinmu, ko da yake babu ƙwayar azurfa a cikin ta yanzu. Wasu dalolin za ku ga hoton sarkin Beljiyam ko na Italiya maimakon na Faransa. Ba jabu ba ne, domin a 1865 Faransa da Beljiyam da Italiya da Suwizalan sun ƙulla yarjejeniyar buga kuɗi masu nauyi ɗaya, kowace ƙasa tana karɓar na 'yar'uwarta.

A hayin Najeriya kuwa Ingilishi sun kafa hukumar kuɗin Afirka ta Yamma a 1912, suka fara fito da sule da fataka da sisi da taro na azurfa a 1913. A 1920 suka koma buga su da wani ƙarfe mai ruwan tagulla. A ɓangaren Faransa ma, bayan yaƙin duniya na farko azurfa ta ɓace daga kasuwa, takarda da ƙarfe mai araha suka maye gurbinta. Mutane suka biya lanho da takarda, suka ɓoye azurfar. Yawancinta ta faɗa hannun mata. Wata aka kai wa maƙeran fari suka narka suka yi mundaye da zobba da 'yan kunne, wata aka yi mata kunne aka rataya a wuya, matan Fulani suka jera wata a kitso, wata kuma ta kwanta a gindin kwalla sai ranar biki ko ranar wuya.

Lambar 1780 ba shaidar tsufa ba ce

Ga inda ɗan damfara ke samun shiga. Mariya Tereza ta rasu a watan Nuwamba na 1780. Fatake suka ƙi karɓar kuɗi mai hoton wani, saboda haka aka ci gaba da buga nata, da shekarar rasuwarta a jiki, ba a sake canza lambar ba. Ostiriya kanta ta daina kashe ta a cikin gida a 1858, amma ba ta daina bugawa don sayarwa waje ba. A 1935 Italiya ta karɓi hatimin bugawa don yaƙinta da Habasha. Daga 1936 aka shiga buga ta a Landan, aka buga a Paris da Brussels da Birmingham, har da Bombay ta Indiya lokacin yaƙin duniya na biyu. Jimillar abin da aka buga ya haura miliyan 300, kuma gidan buga kuɗi na Biyana yana buga sababbi har yanzu, duk da lambar 1780.

Ke nan riyal mai 1780 tana iya zama mai shekara ɗari biyu, tana iya zama sa'ar ɗan da ke goye. Masana suna rarrabe su ta ƙananan alamomi: yawan duwatsun da ke jikin maɗaurin mayafi a kafaɗar sarauniyar, da siffar alamar X da ke bayan lambar shekara, da gashin wutsiyar mikiya, da haruffan da ke ƙarƙashin hoton. Akwai bugu kaɗan na farko-farko da masu tarawa ke nema da tsada. Mafi yawa kuwa kuɗinsu kuɗin azurfar da ke jikinsu ne da ɗan ƙari. Wadda ta cancanci a tsaya a duba da kyau ita ce mai lambar da ta gabaci 1780, domin ita an buga ta sarauniyar tana da rai.

Abin da masu tarawa ke biya

A Turai da Amurka da ƙasashen Larabawa akwai mutanen da sha'awarsu ke nan, tara tsofaffin kuɗi, da ƙungiyoyinsu da littattafan farashi da gidajen gwanjo. Abin da suka fi daraja shi ne wanda za mu kira bugun madubi, Faransawa na ce masa "belle épreuve". Ba don kasuwa ake yin sa ba. Ana goge hatimin ƙarfe da fallen azurfar har su yi santsi, a buga a hankali sau biyu ko fiye da ƙarfi mai yawa, sai filin ƙwandalar ya fito kamar madubi, hoton kuma ya taso da ɗan dishi-dishi. Ba a taɓa ta da hannu sai da safa, daga injin sai cikin kwalinta. A zamanin da, 'yan ƙalilan ake bugawa, don ajiyar gidan buga kuɗi ko kyautar sarakuna.

Misalin da ya fi shahara shi ne dalar Amurka mai lambar 1804. Ita ma lambarta ba ta faɗi gaskiya ba, domin a 1834 aka fara buga ta, don a kai kyauta ga Sarkin Maskat na ƙasar Oman da Sarkin Siyam. Guda 16 kacal aka sani a duniya. Wadda aka kai wa Sarkin Maskat an yi gwanjonta a watan Agusta na 2021 a kan dalar Amurka miliyan 7.68, fiye da sefa biliyan 4. Irin wannan labari ne ke yawo a wayoyi, har mutum ya dubi riyal ɗin tsohuwarsa ya fara zaɓen mota. A tuna dai, can guda 16 ne, nan kuwa fiye da miliyan 300.

Mu ma ƙasashenmu sun taɓa yin bugun madubi. Dahome ta fitar da na azurfa masu lambar 1971, na tamma 100 da 200 da 500 da 1,000, don tunawa da cika shekara goma da samun mulkin kai. Nijar tana da na tamma 500 da 1,000 masu hoton Shugaba Diori Hamani da lambar 1960. Babban bankinmu na BCEAO kuma ya buga ƙwandalar azurfa ta sefa 500 a 1972, ta cikar shekara goma da haɗin kuɗin ƙasashenmu. Irin waɗannan ba su yi yawo a kasuwa ba, masu tarawa da manyan ma'aikata suka fi samunsu. Wanda mahaifinsa ya yi aikin gwamnati a wancan zamani, ya duba akwatin takardunsa. In ya tarar da ɗaya a cikin kwalinta, ya bar ta yadda take, kada ya fito da ita ya shafa.

Abu uku mai tarawa ke dubawa. Na farko ƙaranci: nawa aka buga, nawa suka rage. Na biyu lafiyar jiki: ko hoton ya suɗe, ko akwai ƙarzuwa, ko an huda, ko an yi mata kunne. Na uku asali: hannun wa da wa ta bi. A nan ne al'adarmu da tasu suka saɓa. Mu in azurfa ta yi baƙi sai mu sa toka da lemun tsami ko tsamiya mu dirje ta har ta yi fari tas. Su kuwa wannan baƙin shi ne shaidar ba a taɓa ta ba, kuma dirza guda tana iya zubar da yawancin darajar ƙwandala mai wuyar samu. Wadda aka huda ko aka yi wa kunne, a wurinsu ta zama kayan awo.

Saboda haka mu faɗa wa juna gaskiya. Yawancin azurfar da ke gidajenmu ta sha hannu, ta sha wuya, ta sha toka. Ba za ta sayi mota ba. Amma kuma ta fi jika uku nesa ba kusa ba.

Yadda za a san kuɗinta

Lissafin bai fi ƙarfin ɗan CM2 ba. Ana sayar da azurfa a duniya da ma'aunin oza, oza guda kuwa giram 31.1 ce. Riyal tana da zallar azurfa giram 23.4, wato kashi uku cikin huɗu na oza. Dalar Faransa tana da giram 22.5. Farashin oza yana hawa yana sauka kullum: a 1980 ya kusa dalar Amurka 50, ya faɗo ƙasa warwas, ya sake kusantar 50 a 2011. Duk yaron da ke da waya mai intanet zai iya duba na ranar, ya juya shi zuwa sefa, ya ɗauki kashi uku cikin huɗu. Mai saye dole ya ci riba, amma in tayinsa bai kai rabin wannan ba, a ba shi ruwa ya sha ya kama hanya.

Akwai jabu kuma, musamman na riyal. A ɗora a sikeli: wadda ta suɗe tana iya rasa ɗan kaɗan, amma in ta gaza da giram biyu ko uku akwai magana. A kusanto da mayen ƙarfe: azurfa ba ta kama shi, ko da yake dalma da tagulla ma ba sa kamawa, saboda haka wannan gwaji shi kaɗai bai isa ba. A ɗora ta a kan ɗan yatsa a ƙwanƙwasa a hankali: ta ƙwarai tana da amo mai tsawo, ta dalma kuwa ƙararta a mace take. A duba rubutun bakinta, domin jabun da aka zuba a ƙasa ba ya fitar da shi sosai. Maƙerin fari na gari, wanda aka san gidansa da iyayensa, ya fi baƙon da ba a san inda ya kwana ba. Sai dai a gaya masa tun farko awo aka zo yi, kada ya kankara, kada ya ɗiga mata ruwan gwaji a fuska.

Abin da sikeli ba ya nunawa

Iyayenmu mata ba su je makaranta ba, amma sun san abin da suke yi. Waɗanda suka yi wayo a 1994 suna tune da watan Janairun da aka karya darajar sefa: da dare tamma guda ta Faransa sefa 50 ce, da safe ta koma 100. Wanda ya ajiye takarda a ƙarƙashin katifa ya wayi gari da rabin ƙarfinta a kan kayan waje. Azurfar kwalla ba abin da ya same ta. Ita ce bankin macen da ba ta da banki, kuma tata ce ta kanta, ba ta mijinta ko 'ya'yanta ba. Ɗan da ya ɗauka a ɓoye ya kai wa mai babur, sata ya yi wa uwarsa. In kuma mai ita ta rasu, ta zama gado, ba ta sayuwa sai an raba kowa ya san rabonsa. Wanda Allah ya hore wa da yawa ya tuna nisabin azurfa dirhami 200 ne, kimanin giram 595, abin da riyal 26 suka cika. Sai ya tuntuɓi malaminsa a kan zakka.

Ban da wannan, mu Hausawan ƙasar nan ba mu da tarihinmu a rubuce kamar yadda wasu ke da shi. Sau nawa aka tambayi ɗayanmu a ofis yaushe iyayensa suka zo, ya rasa abin faɗa? Riyal da ta bi hannun uwa da kaka da kakar kaka tana riƙe da sunayen mata huɗu da garuruwan da suka zauna, muddin akwai mai ba da labarin. Ranar da ta shiga tukunyar maƙeri, ko jakar mai babur, labarin ya bi ta. Kayan fadar Abome guda 26 da sojan Faransa suka kwashe a 1892 ba su dawo ba sai a watan Nuwamba na 2021, bayan shekara 129, su ma don gwamnati ce ta tsaya a kansu. Azurfar Inna ba ta da gwamnatin da za ta nemo ta.

Ba mu ce kada kowa ya sayar ba. Wanda yunwa ko ciwo ya tsare, ai don irin wannan rana aka ajiye. Shawararmu ita ce kada a sayar a ƙofar gida a rana guda. A auna, a ji tayin mutum biyu ko uku, a fara yi wa dangi tayi domin abin ya tsaya a gida, in da hali ma a ba da jingina a gaban shaidu maimakon sayarwa. A sayar da ɗaya-ɗaya, a fara da wadda aka huda, a bar mai lafiya daga ƙarshe. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi tukuna kafin ya kawo miliyoyi, an san ko shi wane ne. Wajen ajiya kuma, a naɗe kowace ita kaɗai a tsumma mai laushi, a nesa da danshi, a riƙa kama ta ta gefe.

Ga 'yan'uwanmu malamai, ga ɗan aikin da muka gwada ya yi kyau. Yaro ya nemi izinin mai ƙwandala, ya ɗora takarda a kanta ya goga fensir a hankali har hoton ya fito, gaba da baya. A ƙasa ya rubuta nauyinta da lambarta, da wadda ta ba kakarsa, da garin da aka kawo ta. Ƙwandalar ba ta barin gida, kuma ba a rubuta sunan gidan a bango ko a faɗa a kasuwa, saboda ɓarayi. Yaro ya koyi awo, ya koyi tarihin gidansu a zama ɗaya.

Mun koma wurin Inna da sikelinmu bayan mako guda. Biyar riyal ne masu 1780, biyu dalar Faransa, ɗaya mai lambar 1873, ɗaya ta suɗe ba a karanta ta. Muka yi mata lissafi muka gaya mata abin da huɗun da suka tafi za su yi. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Rashin sani ya fi dare duhu. Allah ya sa hatsin da muka ci da su ya zama magani." Ta kira jikar ta zaunar da ita, ta ce ta ɗauko takarda, ta fara jero mata sunaye: uwarta, da kakarta da aka auro daga Ilo, da mijin kakar mai fataucin goro. Yarinyar ta cika shafi biyu kafin a kira magariba.

Allah ya jiƙan iyayenmu da suka tara, ya ba mu ikon riƙewa. Amin.